Ɗan Hakin Da Aka Raina: Filtar Mai Da Motocin Ƙasar 'Yargalma

Duk wanda ya saba bin hanyar nan da ta rabu da titin Gusau zuwa Sakkwato a Mayanchi, ta ratsa Anka da Ɗaki Takwas ta dangana da Gummi, ya san da wuya a yi tafiyar yini guda ba a tarar da mota a gefen hanya an ɗage mata baki ba, direba ya sunkuya yana leƙe, fasinjoji sun yi jugum suna duban rana. In aka tsaya aka yi musu sannu, aka tambayi abin da ya faru, sau da yawa amsar ɗaya ce, watau mai ba ya zuwa. Ga tanki da mai, ga batir da ƙarfinsa, amma inji ya ƙi tashi, ko kuwa ya tashi ya yi ta shaƙewa har ya mutu.

A zamanin da, irin wannan tsayawa ɓata lokaci ce kurum. Sai a shimfiɗa tabarma a gindin itace, a yi salla, a jira bakanike. Yau kuwa al'amarin ya wuce nan. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, inda har yanzu ba a manta da hare-haren watan Janairu na 2022 ba, motar da ta mutu a dokar daji bayan la'asar ta jefa duk wanda ke cikinta cikin hatsari. Saboda haka kula da lafiyar mota a wannan yanki ya shiga sahun tsare rai.

Babban abin mamaki shi ne, da yawa daga cikin wannan lalacewa wani ɗan abu ne ke jawo ta wanda bai fi gwangwanin madara girma ba, kuɗinsa kuma bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. Kanikawa suna kiransa filtar mai. Mataci ne da aka naɗe takarda ta musamman a cikinsa, aikinsa shi ne ya tare ƙasa da tsatsa da sauran datti kada su isa inji. Ra'ayin da ake so a kafa a nan shi ne cewa dokar canza filtar mai da aka rubuta domin titunan Turai da Japan ba ta dace da ƙasar 'Yargalma ba, kuma nauyin gyara wannan al'amari yana wuyan mutum uku: mai mota, da jami'in da aka damƙa wa motocin hukuma, da hukumomin da aka kafa domin duba man da ake sayar wa jama'a.

MOTA TA CANZA, HANNU BAI CANZA BA

Manyan ma'aikata da suka soma aiki tun zamanin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a yanke Zamfara a 1996, sun san Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, da aka riƙa haɗawa a Kaduna a da, tun daga 1975. Motar nan mai haƙuri ce. Kafireta gare ta, famfon da ke ɗebo mata mai kuma inji ne ke motsa shi a hankali, ba da wani ƙarfi ba. In datti ya toshe ta, bakanike ya kwance kafireta, ya wanke da fetur, ya hura ƙofofin da baki, ya mayar, kafin a gama cin goro mota ta tashi. Da yawa daga cikin manyan kanikawan Anka da Gummi a kan irin wannan mota suka koyi sana'a, kuma a kanta suka koya wa yaransu.

Motocin da ke bin hanyar yau, tun daga Golf ta haya da Corolla ta ma'aikaci har zuwa Hilux ta hukuma, wani gini ne dabam. Famfon mai na lantarki ne, yana nutse a cikin tanki, da ɗan raga a bakinsa mai tare manyan datti. Shi ke tura mai ta cikin filta, ya bi bututu, ya isa wasu allurai da ake kira injekta, waɗanda ke fesa shi cikin inji gwargwadon yadda ƙwaƙwalwar mota ta umarta. Domin a gane bambancin, sai a dubi ƙarfin turin. Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta wuce awo 2 da ɗan wani abu ba a ma'aunin da ake kira bar. Famfon Fijo bai kai ko rabin awo 1 ba. Famfon motar fetur mai injekta yana tura mai da awo 3 zuwa 4. Motar man gas ta zamani kuwa, irin Hilux da ake saya wa ma'aikatu da asibitoci, tana matse mai har awo 1,600 zuwa 2,000, wasu ma fiye.

A irin wannan matsi, ƙwayar ƙasa tana zama tamkar tsakuwa a bakin gwafa. Ƙofofin injekta ƙanana ne ƙwarai, sassan famfo kuma an goge su sun dace da juna ta yadda ko gashi ba ya shiga tsakani. Masana suna auna irin wannan ƙanƙanta da maikiron, watau kashi 1 cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin kan mutum kusan maikiron 70 ne. Filtar motar fetur mai kyau tana tare abin da ya kai kimanin maikiron 10, ta man gas kuwa tana tare abin da ya kai 5 ko ƙasa da haka. Ke nan dattin da ke kashe motar zamani, ido ba ya ganinsa. Mutum zai ɗaga kwalbar fetur ya duba a rana, ya ga garau, ya rantse da tsabtarsa, alhali kuwa cike yake da abin da zai cinye masa injekta.

TA INA DATTIN KE SHIGA?

Man da ake sha a yammacin Zamfara ya sha doguwar tafiya. Da can an shimfiɗa bututu daga matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, zuwa ma'ajiyar mai ta Gusau, domin mai ya iso a rufe. Tun da matatar ta daina aiki, tankoki ne ke ɗauko shi daga bakin teku, tafiyar da ta kusa kilomita 1,000. Daga tanka a juye shi a rijiyar gidan mai, wadda in ta tsufa takan yi tsatsa, in damina ta sauka kuma ruwa yakan sami hanyar tsiyaya ciki. Wannan ke nan ga wanda ya sha mai a famfo.

Amma a ƙauyuka irin su 'Yargalma, cikin Ƙaramar Hukumar Bukkuyum, sau da yawa mai yakan ƙara bin hannu biyu ko uku kafin ya isa tanki. Daga gidan mai a zuba a duro, daga duro a jarka, daga jarka a galan ko kwalba, a jera a kan tebur a bakin hanya, iskar hunturu tana busa masa ƙura. Mazurarin da ake zuba shi da shi a ƙasa yake kwana, tsumman da ake ɗaura masa a baki kuwa ganye da ƙwaro kaɗai yake tarewa. Ba a cewa duk ɗan bumburutu macuci ne. Da yawansu neman halal suke, kuma ba don su ba da babura da injinan niƙa da na ban ruwa sun tsaya cik. Sai dai gaskiyar magana ita ce, kowane juyi da aka yi wa mai wata ƙofa ce da aka buɗe wa datti. An ga yadda jama'ar karkara suka dogara da wannan hanya lokacin da gwamnatin Zamfara, a watan Agusta na 2021, ta hana sayar da mai a jarka da bakin hanya, ta taƙaita shi ga gidajen mai na Gusau da hedkwatocin ƙananan hukumomi, domin toshe wa 'yan bindiga hanyar samunsa.

Akwai kuma ruwan da tankin mota da kansa yake haifarwa. A lokacin hunturu rana takan yi zafi, dare ya yi sanyi. Tankin da aka bari kusan wofi cike yake da iska, in dare ya raba sai raɓa ta taru a jikinsa daga ciki, ta gangara ƙasa ta kwanta, domin ruwa ya fi mai nauyi. A ƙasan nan kuwa bakin famfo yake. Ruwan shi ke kawo tsatsa, a motar man gas kuma yana haifar da wata irin yauƙi mai kama da majina da ke toshe filta cikin ɗan lokaci. Shi ya sa masu ƙera motocin gas suka haɗa filtarsu da ɗan kofi mai tara ruwa a ƙasa, da fitila a gaban direba mai nuna cewa kofin ya cika. Sau nawa ake ganin motar hukuma tana yawo wata da watanni da wannan fitila a kunne, direba ya ce ai dama haka take?

HALAYEN DA KE ƘARASA ƁARNA

Hali na farko shi ne tafiya da tanki a bushe. Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, farashin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 ya haura 500, a cikin 2024 kuma ya zarce Naira 1,000 a wurare da yawa. Ba abin zargi ba ne in ƙaramin ma'aikaci ya koma shan lita 3 ko 4. Amma ya kamata ya san abin da hakan ke jawowa. Famfon lantarki man da yake nutse a ciki ne ke sanyaya shi. In kullum allura tana kan ja, famfo yana aiki da zafi, wani lokaci yana zuƙar iska, kwanansa kuwa yana raguwa. Wanda ke shan lita 4 kullum, da ya daure sau ɗaya ya kai tankinsa kwata, sa'an nan ya ci gaba da ƙara lita 4 ɗin a kai, da kuɗin da zai kashe a wata bai canza ba, famfonsa kuma ya tsira.

Hali na biyu shi ne wanke filta a mayar. Wannan gadon zamanin kafireta ne. Bakanike yakan cire filta, ya bubbuga ta a dutse, ya wanke da fetur, ya hura mata iskar mai faci. Mota takan tashi kuwa, mai ita ya yi murna ya ce an yi masa sauƙi. Abin da bai sani ba shi ne iskar ta yayyaga takardar da ke ciki, dattin da aka tare a da yanzu wucewa yake kai tsaye. Wasu ma sukan huda filtar da ƙusa, ko su cire ta ɗungum su haɗa bututu da bututu. Wannan daidai yake da mutumin da ya ga ƙofar gidansa tana wuyar buɗewa, ya tumɓuke ta ya jefar, ya kwanta barci.

Hali na uku shi ne sayen jabu. Kasuwannin kayan gyara sun cika da filtoci masu kwali mai kyau da tambarin manyan kamfanoni, amma in aka yanka su sai a tarar da 'yar takarda kaɗan, wata ma gam ɗin da ya riƙe ta narkewa yake a cikin fetur. Araha ba ta ado. Filtar da aka sayar a rabin kuɗin ta gaskiya, lalle akwai abin da aka rage a cikinta.

Mota ba ta mutuwa ba ta yi gargaɗi ba. Da farko takan yi nauyin tashi da safe. Daga nan in aka taka totur a hawa, ko za a wuce babbar mota, sai ta yi kamar an riƙe ta daga baya. Sai ta soma tsalle-tsalle in an ɗora mata kaya, famfo kuma ya riƙa wani kuka siriri daga wajen kujerar baya. Duk wanda ya ga waɗannan alamu ya ci gaba da tafiya, to, famfo yake kashewa, domin yana ta tura mai a ƙofar da ta toshe. Filta ita ce mafi araha a duk jerin. Famfo ya ninka ta sau da yawa. Injekta huɗu na motar gas kuwa suna iya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na watanni masu yawa.

Wani zai ce ai littafin motarsa ya ce filtar tana kai kilomita 60,000 ko 80,000, wasu motocin ma filtar a cikin tanki take tare da famfo, ba a sa mata ranar canji ba. Haka ne. Amma wanda ya rubuta littafin ya ɗauka man da za a sha ya fito ne daga famfo mai tsabta, a kan titi mai kwalta. Littattafan nan da kansu sukan ware wani babi domin motar da ke aiki cikin ƙura da mugunyar hanya, inda suke rage wa'adin gyara. Hanyar da ke shiga 'Yargalma da ƙauyukan da ke kewaye da ita a wannan babi take. Bugu da ƙari, yawancin motocin da ake saya a ƙasar nan na hannu ne, sun riga sun ci rabin kwanansu a Turai ko Amurka, ba wanda ya san ranar da aka canza musu filta ta ƙarshe. Abin da hankali zai kama shi ne, duk wanda ya sayi motar hannu ya canza filta tun ranar farko, ya rubuta lambar kilomita, sa'an nan ya raba wa'adin littafi biyu. Mai motar gas kuma ya riƙa tsiyaye ruwan kofin nan akai-akai, musamman da damina. In an tarar da tanka tana juye mai a gidan mai, a dakata ko a wuce gaba, domin juyin yana tayar da lakar da ta kwanta a rijiya. Ranar canji kuwa a kashe inji, a cire kan batir, a nisanci taba da wuta, a bari matsin bututu ya sauka, a kuma lura da kibiyar da ke jikin filta mai nuna inda mai ya nufa.

MOTAR HUKUMA TA WACE CE?

Mai motar kansa in ya yi sakaci aljihunsa ne zai ji. Motar hukuma ita ce marainiya. Duk wanda ya leƙa harabar sakatariyoyin ƙananan hukumomi da manyan asibitoci a jihohin Arewa zai ga motoci a kan duwatsu, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu, wasu ko fentinsu bai dushe ba. In aka bincika, da yawansu ba hatsari suka yi ba. Ɗan abu ne ya lalace aka ƙi gyarawa, ya jawo babba, aka ce babu kuɗi, aka jingine, daga nan aka shiga rubuta takardar neman sabuwa. A da kowace motar gwamnati tana da littafin tafiya, inda direba ke rubuta inda ya je, da man da ya sha, da ranar da aka yi mata sabis, jami'in sufuri kuma ya sa hannu. Inda aka bar wannan al'ada, babu mai iya faɗin shekarun filtar da ke jikin motar ɗaukar marasa lafiya.

Mutanen 'Yargalma sun san darajar mota mai lafiya fiye da yadda za a gaya musu. A shekarar 2010 ne ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, 'Yargalma da Dareta suna cikin na farko da abin ya bayyana. Dalmar daga dutsen zinariya ta fito, wanda ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurarsa ta bi iska da ƙasa ta shiga jikin yara. Fiye da yara 400 suka rasu a jihar. Waɗanda aka ceto, a mota aka riƙa kai su asibitocin Bukkuyum da Anka, a mota magani da ma'aikata suka riƙa shiga ƙauyukan. Har gobe mace mai naƙuda da yaro mai suma a wannan yanki ba su da wata gada tsakaninsu da likita sai mota ko babur. Jami'in da ya bar motar asibiti ba sabis, ya karkatar da kuɗin filta, ya kamata ya san abin da ya ɗauka a wuyansa.

ABIN DA FILTA BA TA IYAWA

Duk da haka, ba adalci ba ne a ɗora wa direba da bakanike laifin duka. Filta tana tare abin da ke da jiki ne, kamar ƙasa da tsatsa. Abin da ya narke a cikin mai wucewa yake, ko da filtar yau aka ɗaura ta. In aka gauraya fetur da kananzir, inji zai yi ta ƙwanƙwasa har ya lalace. In aka gauraya man gas da kananzir, santsin da ke kare famfo zai ragu. Wannan ba aikin takarda ba ne, aikin hukuma ne.

Ƙasar nan ta ga misali ba sau ɗaya ba. A 2008 an shigo da fetur mai yawan sinadarin etanol wanda ya lalata motoci. A watan Fabrairu na 2022 kuma kamfanin NNPC ya tabbatar da cewa jiragen ruwa 4 da suka taso daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam sun kawo fetur mai sinadarin metanol. Shugaban kamfanin na lokacin, Malam Mele Kyari, ya bayyana cewa gwajin da aka saba yi a tashoshin jiragen ruwa bai haɗa da neman metanol ba. Sinadarin nan yana janyo ruwa, yana cin roba da ƙarfe. Motoci suka lalace, aka janye man daga kasuwa, layuka suka dawo gidajen mai na makonni.

Haka batun farar wuta, watau salfa. A watan Satumba na 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton da ya nuna cewa man gas da ake sayarwa a wasu ƙasashen Afirka yana ɗauke da salfa har ninki 378 na abin da Turai ta yarda da shi, watau kashi 10 cikin miliyan. A watan Fabrairu na 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka amince a Wagadugu da iyakar kashi 50 cikin miliyan. Amincewa a takarda abu ɗaya ne, tabbatar da shi a famfon Gummi wani abu ne dabam. Amma tarihi ya nuna ana iyawa in an yi niyya. Dalmar da aka daɗe ana zubawa a fetur, ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina ta tun farkon 2006, a 2021 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da ƙarewarta a duniya baki ɗaya bayan Aljeriya ta rufe nata. Ba direbobi ne suka cire ta ba, gwamnatoci ne.

Dokar man fetur ta 2021 ta kafa hukumar NMDPRA ta damƙa mata kula da ingancin man da ake rarrabawa. Kamata ya yi jami'anta su sani cewa Zamfara ba a Gusau ta tsaya ba. Gwajin ruwa a rijiyar gidan mai ba ya bukatar wani babban ɗakin bincike. Akwai wani man shafawa da ake goga wa sandar awo, in ya taɓa ruwa sai ya canza launi nan take. Babu dalilin da zai hana a riƙa yin wannan a gidajen mai na Anka da Bukkuyum da Gummi kafin damina da bayanta, a manna sakamakon inda kowa zai gani. Ƙungiyar dillalan mai ta IPMAN ita ma tana da amfani a ciki, domin gidan man da aka san shi da tsabta ba ya rasa ciniki. Hukumar SON kuma ta waiwayi kasuwannin kayan gyara, inda jabun filta ke zaune a fili.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin nan uku da Ma'aikatar Lafiya ta jiha, abin da ake bukata bai kai kuɗin sabuwar mota ɗaya ba. A dawo da littafin tafiya ga kowace mota, a rubuta ranar canjin filta da lambar kilomita, mai binciken kuɗi ya riƙa dubawa kamar yadda yake duba takardun albashi. A sayi filtoci na gaskiya a ajiye a sito, kowace motar asibiti ta riƙa tafiya da ɗaya a cikin akwati, a kuma koya wa direbanta yadda ake ɗaurawa da yadda ake fitar da iska daga bututu. In tilas ta sa a ɗauki mai a jarka domin shiga ƙauye, a ware jarka mai murfi da mazurari mai raga waɗanda ba a taɓa su da wani aiki.

Ɗalibai ma suna da rabonsu. Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara da ta Tarayya da ke Kauran Namoda suna yaye masu karatun injiniya kowace shekara. Maimakon rubutun kammala karatu da zai ƙare a kan kanta ƙura ta rufe shi, me zai hana ɗalibi ya tattara tsofaffin filtoci daga garejojin Anka da Gummi, ya yanka su, ya auna abin da ke ciki, ya faɗa wa jama'a bayan kilomita nawa filta ke cika a wannan ƙasa? Me zai hana makarantun su shirya wa kanikawa bita ta kwana biyu cikin harshen Hausa a kan motoci masu injekta? Kanikawan nan masu basira ne, da guduma da sifana suke raya motocin da masu ƙera su suka daɗe da yafewa. Abin da ya rage musu shi ne a nuna musu cewa dabarar da ta yi wa Fijo magani ita ce ke kashe Hilux.

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Gyaran hanya da samar da tsaro manyan ayyuka ne da ke bukatar miliyoyi da shekaru, jama'a kuwa suna da hakkin ci gaba da neman su. Amma canza filta aikin rabin sa'a ne, kuma yana hannun kowane mai mota da kowane jami'in sufuri tun daga yau. Wanda ya karanta wannan ya kasa tuna ranar da aka canza ta a motarsa, ko a motar ofishin da yake shugabanta, to, ya san abin da ke gabansa kafin tafiya ta gaba. Allah ya kiyaye hanya.